Mawaƙin da ya ƙi buɗe baki: muhawara kan bidiyon kwalayen Bob Dylan

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana uku ke nan wani ɗan gajeren bidiyo ya tsaya mini a rai, na ga gara in kawo shi nan mu tattauna. Na Bob Dylan ne, mawaƙin Amurka, na waƙarsa mai suna Subterranean Homesick Blues. Tsawonsa bai kai minti biyu da rabi ba, kuma baƙi da fari ne. An ɗauke shi a watan Mayu na 1965 a wani lungu da ke bayan otal ɗin Savoy a Landan. Ga abin da za ku gani: saurayi ɗan shekara 23, siriri, gashi a hargitse, riga da falmaran, tsaye a gefen dama na hoton, rungume da tulin kwalaye. Waƙa na tashi, sai ya shiga zare kwalayen ɗaya bayan ɗaya yana yasarwa ƙasa. Yawancin kwalayen an rubuta musu 'yan kalmomi daga cikin waƙar da manyan baƙaƙe. Shi ke nan. Ba rawa, ba makaɗa, ba ya ko motsa leɓe. Muryarsa na ta zuba kamar ruwan kwando, shi kuwa bakinsa a rufe. Ni malamin Turanci ne a sakandare, na saba da karanta waƙa a takarda, amma wannan ya sa na zauna ina tambayar kaina: mutum ya yi waƙa, an kawo kyamara gabansa, me zai hana shi rerawa? Wanda ya taɓa kallo ya faɗa mana abin da ya gani.

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam Malam. Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar biki da waƙoƙi a Kano, kuma duk wanda ya san aikin ya san abin da ya fi cin lokaci a shutin ɗin waƙa shi ne mamin. A kunna waƙa a sifika, jarumi ya riƙa bin ta da baki, a maimaita sau goma har leɓe ya dace da sauti, sannan a je wurin tacewa a yi ta yanka ana haɗawa. Wannan bidiyon babu yanka ko ɗaya a cikinsa. Daga farko har ƙarshe ɗauka ɗaya ce, kyamara kusan a kafe take. Wanda ya ɗauka, D. A. Pennebaker, yana cikin mutanen da suka kawo salon ɗaukar abu yadda yake faruwa, da ƙaramar kyamara mai fim ɗin milimita 16 wadda ake iya saɓawa a kafaɗa, ba tare da an tsara wa kowa abin da zai faɗa ba. Ya bi Dylan a rangadinsa na Ingila a wannan shekarar, fim ɗin ya fito a 1967 da sunan Dont Look Back, kuma da wannan bidiyon aka buɗe shi. To mutum irin wannan ba zai so ƙaryar mamin ba. Ni a ganina rufe bakin gaskiya ce kawai: muryar da kuke ji daga faifai take, ba yanzu nake rerawa ba, don haka ba zan yaudare ku ba.

Ƙanin Kowa: Ku yi haƙuri da ni, amma ina ganin za a ɗora wa abin nauyin da bai ɗauka ba. Talla ce. Kamfanin Columbia ya fitar da waƙar a watan Maris, ana son faifai ya saye, yaro ya fito da wata dabara mai arha wadda ba ta buƙatar komai sai kwali da alƙalami. Mu kuma bayan shekara sittin mun zo muna haƙa rijiya inda babu ruwa.

Abban Sadiq: Ƙanin Kowa, da kwalayen sun bi waƙar sak, da na yarda da kai. Amma ba su bi ba, kuma da gangan. Akwai inda waƙar ke cewa wani mutum na neman dala 11 a wurinka alhali 10 kake da su. Kwalin da ya ɗaga a daidai wurin 20 aka rubuta. Kunnenka na jin 11, idonka na ganin 20. Akwai kalmar Turanci ta nasara, wato success, sai aka rubuta ta suckcess, aka cusa mata wata kalma da ke nufin tsotsa, wadda kuma Amurkawa ke faɗa wa abin da ba shi da daɗi. Na'urar nan ta bakin titi da ake jefa wa kuɗin ajiye mota, ita ma an karkatar da rubutunta yadda wani mai karin harshe zai furta. Mai talla yana son ka haddace kalmominsa daidai. Wannan kuwa yana nuna maka kalma yana ɓata ta a gabanka.

Ƙanin Kowa: Ko kuma samari ne suka zauna da daddare suna rubutu suna nishaɗi, kowa ya sa abin da ya ga dama. Ai ba shi kaɗai ya rubuta kwalayen ba, har da abokansa, ciki har da mawaƙin nan Donovan.

Abban Sadiq: Gaskiya ne, hannu da yawa ya rubuta, shi ya sa ma rubutun ya bambanta daga kwali zuwa kwali. Amma shi ya ɗaga su gaban kyamara, kuma ba sau ɗaya ba. An gwada a saman rufin otal, an gwada a wani lambu da ke kusa, sannan aka zaɓi na lungu. Yana da damar gyara 20 ta koma 11, bai gyara ba.

Baba Na Kaduna: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Ni na fara jin muryar mutumin nan a faifan garmaho tun ina ɗalibi, tun kafin in san kamanninsa. Abin da ba za ku gane ba sai an faɗa muku shi ne matsayinsa kafin wannan waƙa. Daga 1962 zuwa 1964 shi kaɗai yake tsayawa da jitarsa ta katako da 'yar hamonika rataye a wuya, yana waƙoƙin yaƙi da wariyar launin fata da na ƙin yaƙi. Ranar 28 ga Agusta 1963, a gagarumin gangamin Washinton inda Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya yi jawabinsa na mafarki, yaron nan yana cikin waɗanda suka yi waƙa. Matasa suka ɗauke shi bakinsu, 'yan jarida suka riƙa kiransa muryar zamaninsa. Kowa na jiran ya faɗi abin da za a yi. Sai ga shi a 1965 ya fito da faifai mai suna Bringing It All Back Home, fuska ɗaya da jitar lantarki da ganguna, ɗayar kuma da tsohon salonsa. Wannan waƙar ita ce ta farko a faifan. Haɗin nan na waƙar gargajiyarsu da kiɗan rok shi aka zo ana kira folk rock, kuma a shekarar ne ƙungiyar The Byrds ta ɗauki wata waƙarsa ta sa mata lantarki ta hau lamba ɗaya. Masoyansa na farko suka ga cin amana ne. A bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, ranar 25 ga Yuli 1965, da ya hau dandali da lantarki wasu suka yi masa ihu. A Manchesta, a watan Mayu na 1966, wani ya daka masa tsawa daga cikin taro ya kira shi Yahuza, wato maci amanar Annabi Isa a wurin Kiristoci. To ku duba kwanan watan bidiyon nan. Yana tsakiyar rikicin, wata biyu da 'yan kwanaki kafin Newport. Mutumin da aka naɗa kakakin jama'a ya tsaya gaban kyamara ya ƙi magana. Ni ban ga talla a nan ba, na ga mutum yana tuɓe rawanin da bai nema ba.

Mai Kyamara: Allah ya ƙara lafiya Baba. Akwai ma abin da zai ƙarfafa maganarka. A duk wannan rangadin na Ingila da jitar katako ya yi wasa shi kaɗai, har da na zauren Royal Albert Hall na Landan da ya rufe da shi. Amma fim ɗin rangadin sai aka buɗe shi da waƙar lantarki. Tun kafin ka ga tsohon Dylan an riga an nuna maka cewa ya tafi.

Maman Ilham: Sallama gare ku duka. Na bi maganar tun daga sama, na je na kalla, na kuma sa 'yata ta karanto mini baitocin ta fassara mini inda na kasa. Ina da damuwa guda, kuma zan faɗe ta ba ɓoye-ɓoye. Baitin farko ma wani ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana haɗa magani, kuma kowa ya san ba maganin zazzaɓi ake nufi ba. Can gaba ana maganar 'yan sandan ciki, ana maganar sumame, ana maganar an ɗana na'urar sauraro. Ni uwa ce, a unguwarmu na ga abin da kwalbar maganin tari ta yi wa yaran da na sani tun suna goye. Ɗaya daga cikinsu mahaddaci ne, yanzu sai ka gan shi bakin kwata yana gyangyaɗi da rana tsaka. Idan na ji ana yabon waƙa irin wannan, sai zuciyata ta ƙi. Ku fahimtar da ni in na yi kuskure.

Abban Sadiq: Hajiya, ba ki yi kuskure ba, abin yana ciki, kuma duniyar da Dylan ke yawo a cikinta a lokacin ba ta tsira daga ƙwaya ba. Ba zan wanke shi ba. Abin da zan ce kawai, ki sake sauraron yadda aka kawo shi. Babu daɗi a wurin, babu kira zuwa ga sha. Tsoro ne daga farko har ƙarshe. Kowane baiti sai an dawo ana ce wa yaro ya yi hattara. Wannan na son kuɗinka, wancan na bin sawunka, ko ka yi laifi ko ba ka yi ba za a ce kai ne. Kamar babban wa ne ya tare ƙaninsa a lungu yana zayyana masa tarkunan gari cikin sauri kafin wani ya iso. Kuma ki duba wurin da aka ɗauka: ba ɗakin shagali ba ne. Bango ne na bulo, da ƙarafunan da magina ke takawa, da kayan gini a jibge. Otal ɗin Savoy na cikin mafi tsada a Landan, a can ya sauka, amma bai tsaya a ƙofar gaba ba, ya zagaya baya inda ma'aikata ke bi.

Maman Ilham: Na ji wannan, kuma batun bayan otal ɗin ya shige ni. Amma har yanzu ina ganin yaro ɗan shekara 15 ba zai tsaya tantance gargaɗi da kwaɗaitarwa ba. Zai ga wanda ake yabo ne kawai. Na bar maganar a nan, ku ci gaba, ina karantawa.

Ɗan Sahu: Mama, Allah ya saka da alheri, damuwarki a kan hanya take. Ni kuma wani wuri daban ne ya kama ni. A baiti na ƙarshe ya jero rayuwar mutum kamar ana kiran kaya a kasuwa: a haife ka, ka yi ado, ka yi biyayya, ka faranta wa wannan, ka faranta wa wancan, sannan ya ce bayan shekara 20 kana karatu sai a tura ka aikin yini a masana'anta. Da na ji wurin sai da na faka a gefen titi na mayar baya. Na yi firamare 6, sakandare 6, jami'a ta ci mini 6 saboda yajin aiki, ga shekarar bautar ƙasa. Takarduna na cikin leda a ƙarƙashin katifa, ni kuma ina kan adaidaita sahu daga asuba zuwa isha ina haɗa balas. Shi ma ya yi sa'a, nasa yaron ya samu masana'antar. Don haka da na ga yana zubar da kwalaye masu rubutu a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ko kallonsu ba ya yi, ni takardun shaida na gani. Na san ba abin da ya nufa ke nan ba, amma abin da idona ya gani ke nan.

Baba Na Kaduna: Ɗana, Allah ya buɗa maka ƙofar da ta fi wannan. Kada ka raina abin da idonka ya gani. Shi kansa bai gama jami'a ba, shekara ɗaya ya yi a ta Minnesota ya bari ya tafi New York a farkon 1961.

'Yar Maraɗi: Ina wuni iyayena da yayyena. Ni abin da ban ji kowa ya taɓa ba shi ne mutanen nan biyu da ke can baya ta hagu. Tun farkon bidiyon suna tsaye suna hira, ko sau ɗaya ba su kula da abin da ake yi ba. Mai gemun nan su waye? Na ɗauka masu wucewa ne.

Abban Sadiq: Ƙanwata, ba masu wucewa ba ne. Mai gemun Allen Ginsberg ne, babban marubucin waƙoƙi na Amurka, wanda littafinsa na 1956 ya kai ga shari'a a kotu a shekarar da ta biyo baya kan zargin batsa, kotu kuma ta wanke littafin. Ɗayan Bob Neuwirth ne, abokin Dylan mai kula masa da harkokin tafiya. Ginsberg na cikin rukunin marubutan da ake kira Beat, tare da Jack Kerouac, wanda ke da littafi na 1958 mai suna The Subterraneans, wato mutanen ƙarƙashin ƙasa. Kalmar farko ta sunan waƙar ke nan. Salon zubo kalmomi ba numfashi daga wurinsu ya sha shi, ya haɗa da na Chuck Berry, wanda shi da bakinsa ya ce daga wata waƙarsa ya samo zubin. To ka ga malami a baya, almajiri a gaba. Abin da ya burge ni shi ne malamin ba ya kallonsa. Ba a sa shi ya dafa kafaɗarsa ba, ba a sa shi ya gyaɗa kai ba.

Mai Kyamara: Ta fuskar aiki ma wannan babbar dabara ce. In ka tsayar da mutum a tsakiyar hoto, ka ce wa mai kallo ga sarki. Shi an ture shi gefe, an bar lungun ya miƙe a tsakiya, an sa wasu suna sabgarsu a ɗaya gefen. Idonka ba ya samun wurin hutawa: ka karanta kwali, ka dubi fuskarsa, ka leƙa mai gemu, kafin ka dawo kwali biyu sun wuce. Sannan ku lura da hannunsa. Waƙar na gudu fiye da yadda mutum zai iya zare kwali. Wani lokaci ya makara, wani lokaci ya riga waƙar sai ya tsaya riƙe da kwalin yana jira, ya ɗan kalli ƙasa ya duba abin da ke hannunsa. Da ni ne a bakin aiki, da mai waƙa ya ce a sake. Su suka bar shi. Wannan 'yar makarar ita ke sa ka yarda mutum ne tsaye a wurin.

Ƙanin Kowa: To na sauko kaɗan, na yarda akwai tunani a ciki. Amma ina da ja a kan masu cewa waƙar zanga-zanga ce. Na ga ana yawan haɗa ta da abin da ya faru a Selma da kuma Biyetnam. An ɗauki waƙar a situdiyo a watan Janairu 1965. Dukan da aka yi wa masu macin neman 'yancin baƙaƙen fata a gadar Selma ta jihar Alabama ranar 7 ga Maris ne, saukar sojojin ruwan Amurka a Da Nang ta Biyetnam kuma 8 ga Maris. Waƙa ba za ta yi magana kan abin da bai faru ba tukuna.

Baba Na Kaduna: Lissafinka daidai ne ɗana, amma wutar ba a Selma ta fara ba. A 1963 a Birmingham ta jihar Alabama, hukuma ta sa aka buɗe wa masu zanga-zanga, har da 'yan makaranta, mesar kashe gobara, aka sakar musu karnuka. Hotunan sun zagaya duniya. A cikin waƙar akwai inda yake gargaɗin yaro ya nisanci masu yawo da mesar kashe gobara. Ba'amurken 1965 ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Kuma kwali mai manyan baƙaƙe a hannun matashi, a wancan zamanin, ma'anarsa ɗaya ce: gangami. Sai dai mai gangami yana ɗaga kwali ɗaya ya riƙe shi sama yini guda. Wannan ya ɗauko gwammai, ba wanda ya riƙe fiye da 'yan daƙiƙu.

'Yar Maraɗi: Baba, to wannan ba raina masu gangamin ba ne? Mutane na shan duka saboda abin da ke rubuce a kwalayensu, shi kuma yana watsar da nasa.

Baba Na Kaduna: 'Yata, da yawa daga cikin tsofaffin abokansa haka suka ɗauka, kuma sun ji zafi ƙwarai. Ni ma da ƙuruciya na ji haushinsa. Daga baya na ga abin da ya faru da baiti ɗaya na waƙar nan. Akwai inda yake cewa ba sai ka nemi mai hasashen yanayi ba kafin ka san inda iska ta dosa. A 1969 wani ɓangare na ƙungiyar ɗalibai masu adawa da yaƙi ya ɓalle, suka ɗauki sunansu daga wannan baitin, suka kira kansu Weathermen, wato masu hasashen yanayi, daga baya suka shiga dasa bama-bamai a gine-ginen gwamnati. A waƙar da ta ce kada ka bi shugabanni, aka tsinci layi ɗaya aka mayar da shi tuta. Tun daga nan na daina ganin laifinsa kan yar da kwalayen. Ya san abin da mutane ke yi da kalma idan ka bar ta a hannunsu ta daɗe.

Ɗan Sahu: Amma Baba, akwai sauƙi ga wanda ke kwana a Savoy ya ce ba ruwansa da jagoranci. Wanda ake fesa wa ruwa ba shi da wannan zaɓin.

Abban Sadiq: Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba ni da amsar da za ta rufe ta. Farar fata ne, ya yi suna, yana iya janyewa ya koma gida lafiya. Baƙaƙen Alabama ba su da inda za su janye. Abin da zan tsaya a kai shi ne bidiyon bai ce kada ka damu ba. Ya ce kada ka miƙa wa wani idonka da kunnenka, ko da shi ne. Shi ya sa 11 ta zama 20. In ka dogara da rubutun ka ɓata, in ka dogara da muryar ba ka ga abin da ke gabanka ba. Dole ka haɗa biyun ka yanke hukunci da kanka. Jiya na gwada wani abu a aji na 'yan shekarar ƙarshe. Na kashe sauti na ɗaga wayata suka kalla, na ce kowa ya rubuta labarin da kwalayen ke bayarwa. Yara 40 da 'yan kai, kusan kowa da nasa labarin: wani ya ce fursuna ne, wata ta ce mai neman aiki ne, wani ya ce kurma ne yake roƙon taimako. Sannan na kunna sautin. Da aka zo wurin kuɗin, wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu tun ban tambaya ba, ta ce Malam ya yi mana ƙarya, ba 20 ya ce ba. Na ce to wanne za ki yarda da shi? Ta yi shiru, can ta ce sai na sake ji.

'Yar Maraɗi: Malam, ka sa na tuna gardamar da ake yi a gidanmu. Kakana ba ya ƙaunar waƙoƙin fiyano ko kaɗan, ya ce duk waƙar da ba kalangu ko gurmi ko kuntigi ba ta da asali. Haka ma da jitar lantarki ta 'yan Agadas ta fara shigowa bukukuwa, tsofaffi sun yi ta ƙorafi, yanzu kuwa ita ake sanin Nijar da ita a waje. Ban san Turawa ma sun yi irin wannan faɗan a kan nasu ba.

Mai Kyamara: Sun yi, har da ihu. Abin da ya rage kuma shi ne dabarar kwalin ta fi faɗan daɗewa. Tashar MTV mai nuna bidiyon waƙoƙi sai a 1981 aka buɗe ta, shekara 16 bayan wannan. Ƙungiyar INXS ta Ostareliya ta kwaikwayi bidiyon a 1987, masu talla da 'yan siyasa sun yi ta ɗauka. Duk bidiyon da kuke gani yau a YouTube na waƙa da kalmominta suna fitowa a rubuce, da masu ɗaga takarda a TikTok suna ba da labari ba tare da sun yi magana ba, jikokinsa ne. Sai dai su rubutunsu na bin murya sak, ba wanda ke yarda ya saɓa.

Ƙanin Kowa: Akwai abin da nake so a duba mini. Kwali na ƙarshe ba ya cikin waƙar sam. Kalmar tambaya ce, What, da alamar tambaya biyu, kamar mutum ya ce me? Wa ake tambaya? Mu ne muke tambayarsa me ya ce, ko shi ne yake tambayarmu me muke kallo?

Abban Sadiq: Na fi karkata ga na farko. Ya san abin da mai sauraro zai ce bayan an zubo masa kalmomi haka, sai ya riga shi faɗa. Kuma bai amsa ba. Ya yar da shi kan sauran, ya juya ya tafi, su Ginsberg ma suka kama gabansu, aka bar lungu da kwalaye a zube.

Maman Ilham: Na dawo. Ni na biyun na gani. Fuskarsa tun farko irin ta yaron da aka tara wa ido ce, wanda ya gaji da kallo. Kuma na ji an ce a 2016 an ba shi kyautar Nobel ta adabi bai ma je bikin ba. Ashe halin tun yana yaro ne. Ra'ayina kan baitin farko bai canja ba, amma Ɗan Sahu, maganar takardunka ta hana ni sukuni tun ɗazu. Ka turo mini saƙo ta gefe ka faɗa mini abin da ka karanta, akwai wanda zan yi wa magana.

Ɗan Sahu: Na gode Mama, Allah ya bar zumunci, zan turo in na tashi aiki. Mai Kyamara, kafin nan duba mini wurin nan kusa da tsakiya inda ya tsaya riƙe da kwali yana jiran waƙar ta iso shi. Ina so in san ko kyamarar ta motsa a wurin ko idona ne.